Giɓin Ganuwar Gazauta

A zamanin da Birnin Dumbara ke da ƙofofi tara, sarakunan ƙasashe na aiko masa da gaisuwa, akwai wani gari a can ƙarshen ƙasar ta gabas da ake kira Gazauta. Tsakanin ganuwarsa da Gulbin Maiƙaya 'yar sukuwa ce. Wanda ya haye gulbin kuwa ya shiga ƙasar Walgarawa, mutanen da ba su taɓa ganin rumbun maƙwabci cike ba suka yi barci mai daɗi.

Mai riƙe da garin shi ne Marafa Cindo. Ba ɗan sarauta ba ne. Da riƙon garkuwa ya fara a bayan Sarki marigayi, ya yi tsaron ƙofa, ya yi bardanci, har ranar da ya ɗauko Sarki a kafaɗa daga tsakiyar fagen fama bayan an kashe masa doki. Shi ne aka naɗa shi Marafa, aka tura shi Gazauta. Maroƙa suka ce an ɗaukaka shi, masu hankali suka ce an jefar da shi.

Shekara goma sha tara ke nan yana wannan aiki, kuma aiki ne da ba a yi da zama. Shi ke tsaron mashigin gulbi. Shi ke ba fatake 'yan rakiya har su wuce dajin ɓarayi. In shanu suka ci gona shi za a kawo wa ƙara, in Walgarawa suka sace mace a bakin ruwa shi zai san yadda za a dawo da ita. Yana da 'yan leƙen asiri a kasuwannin hayi fiye da yadda yake da riguna. A cikin shekarun nan duka ko akuyar Sarki ba a kora daga iyakarsa ba, kuma da wannan yake taƙama. In an yi masa kirarin jarumta sai ya kau da kai, amma in aka ce "bawan Sarki mai amana" sai ka ga ya gyara zama.

To, a daminar wannan shekara aka yi ruwa na kwana uku ba ɗaukewa, ganuwar gabas ta zube, aka sami giɓin da ayarin raƙuma zai shige a jere ba tare da sun gogi juna ba.

A wata ƙasa gyaran ganuwa aikin gayya ne, a kwaɓa ƙasa a ɗora. A Dumbara ba haka ba ne. Tun da wani hakimi mai suna Kaura Wabi ya ɗaga ganuwar garinsa ya yi tawaye, aka zubar da jinin da har yau ba a so a tuna, kakan Sarki na yanzu ya kafa doka: babu hakimin da zai ɗora ko curi ɗaya a kan ganuwa sai an aiko masa da tubalin Sarki. Tubali ne da ake yi da ƙasar fada, Sarki ya danna zobensa a kai tun yana ɗanye, a ɗauko shi a akushi an lulluɓe da farin ƙyalle, a fara gini da shi. Wanda ya yi gini babu shi, ɗan tawaye ne. Hakimin iyaka kuma ba ya barin garinsa sai an kira shi, ba ya magana da Sarki sai ta bakin wani babban ɗan fada da ake kira ƙofarsa. Ƙofar Marafa shi ne Ɗan Iya Mati.

Manzo uku Marafa ya aika. Na farko ya dawo ya ce Ɗan Iya ya ce ana dubawa. Na biyu ya dawo ya ce Sarki ba ya jin daɗin jikinsa. Na uku ya dawo da sabuwar riga da goro ƙwarya guda, yana ta yabon karamcin Ɗan Iya, amma tubali babu. Marafa ya sa aka cika giɓin da ƙaya, don ita doka ba ta hana ba, alhali ya san wuta ɗaya za ta cinye ta.

Zama ya gagare shi. Kullum da safe sai ya hau ya tafi bakin gulbi ya duba wani dutse da ke tsakiyar ruwa, wanda ake kira Dutsen Kada, don in kansa ya fito to doki ya kusa iya hayewa. Daga can ya zarce ƙofar yamma ya tsaya yana hangen hanyar birni. Ya dawo gida a kawo masa fura ya manta da ita, ya sake fita. Mutanen gari kuma ga su da nasu tsoron, don zumar da ta shekara da shekaru a kukar bakin ƙofa ta tashi rana tsaka ta yi daji, ungulaye kuma suka mai da giɓin wurin shan hantsi.

Ranar wata Talata Barde Dango, shugaban mayaƙan garin, ya shigo zaure da laka har gwiwa. Marafa ya sa aka kira Liman Ilu da Sarkin Magina Nomau, aka zauna.

Barde ya ce, "Allah ya ja zamanin Marafa. Kan Dutsen Kada ya fito, har balbela na sauka a kai. Kwana goma sha biyu, in ya yi yawa, ruwan ba zai wuce ƙirjin doki ba. Fataken gishirin da suka hayo jiya sun ce a kasuwar Walgari babu maƙerin da ke ƙera fartanya, kowa bakin kibiya yake yi. Sun san da giɓin nan, ranka ya daɗe. Har waƙa 'yammatansu ke yi masa."

Liman Ilu ya gyara rawaninsa a hankali, kamar yadda yakan yi in zai faɗi abin da ba a so. Ya ce, "Allah ya taimaki Marafa. Ni ba na musun Barde. Amma ina yaro na ga abin da aka yi wa garin Kaura Wabi, na ga inda aka shuka gero a kan kasuwarsa. Wanda ya ɗora tubali babu na Sarki, ba a tambayarsa dalili. A sake aikawa."

Barde ya ce, "A aika wa wa, Malam? Mai raba riguna?"

"A aika dai. Mu mun fita haƙƙi."

"Haƙƙin zai tare mana doki?"

Marafa ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya juya ga Sarkin Magina, wanda tsufa ya ɗan taɓa masa kunne, ya ɗaga murya. "Baba Nomau, kwana nawa aikin zai ci?"

Tsoho ya ƙirga yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Ya ce, "In gari duka ya fito, maza da mata, kwana tara. Sai kwana uku ta sha rana. Ranka ya daɗe, ƙasa ba ta san sarauta ba. Ko Sarki ne da kansa ya tsaya a kanta, sai ta cika kwanakinta za ta bushe."

Tara da uku, goma sha biyu. Kowa ya yi lissafin a zuciyarsa.

Marafa ya tashi ya je bakin zaure ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Tsoro ya ji, kuma ba na Walgarawa ba. Tsoronsa shi ne a kira shi da sunan da aka kira Kaura Wabi, bayan shekara goma sha tara yana wanke nasa. Can ya tsaya ya ce, "Ku saurara, ku zama shaidu. Ranar da Sarki marigayi ya naɗa mini rawanin nan, cewa ya yi, Cindo, na ba ka amanar gabas, kada in ji kukan talakana daga can. Bai ce in tsare rawani ba. Idan na jira, zan mutu da sunana fari, gari ya mutu tare da ni. Idan na gina, Sarki zai yi fushi, amma zai sami garin da zai yi fushi a kai. Laifin nawa ne ni kaɗai. Sarkin Magina, a kaɗa gangar gayya."

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya sa mu ga alheri." Shi ne kuma ya fara naɗe hannun riga.

Abin da Marafa bai lura da shi ba shi ne, kafin gangar ta yi shiru, wani mutum mai suna Barmo, jakadan da Ɗan Iya ya ajiye a Gazauta, ya ɗaura sirdi ya fice ta ƙofar yamma ba sallama.

Aka yi aiki kamar za a mutu. Mata na jido ruwa, samari na taka ƙasa da ciyawa, tsofaffi na curawa, magina na ɗorawa. Marafa bai zauna ba. Yanzu yana kan gini yana faɗa a kan kauri, anjima yana bakin gulbi, anjima yana ƙofar yamma yana hange, don har yanzu zuciyarsa na raya masa tubalin na hanya. A rana ta tara aka rufe giɓin, sabuwar ƙasa ja tana sheƙi a tsakanin tsohuwa.

A ranar ce da la'asar mai gadi ya yi shela cewa ga mutanen fada nan tafe. Marafa ya yi hamdala, ya sa babbar riga, ya fito tarya da sauri har yana tuntuɓe. Dogarai arba'in ya gani cikin jajayen riguna, Sarkin Dogarai Jatau a gaba, Barmo na gefensa. Ya duba gaba, ya duba baya, bai ga akushi ba, bai ga farin ƙyalle ba. Dagi da gatura ya gani ɗaure a kan jakuna.

Jatau tsohon abokinsa ne, sun ci tuwo a ƙwarya ɗaya a sansani ba sau ɗaya ba. Amma yau bai sauka daga doki ba, bai miƙa hannu ba. Ya ce da ƙarfi, yadda jama'a za su ji, "Cindo, Sarkin Dumbara, mai ƙofa tara, ya ce a gaya maka: labari ya iso gare shi ta bakin Ɗan Iya cewa ka ɗaga ganuwa ba ka nemi izini ba. Ya ce in karɓi rawaninsa. Ya ce in fasa ginin, faɗin doki huɗu. Ya ce in zo da kai."

Marafa ya ce, "Ban nemi izini ba? Manzannina uku fa, Sarkin Dogarai?"

Jatau ya dube shi, ya ɗan rage murya. "Sarki bai ga manzo ko ɗaya ba."

"Wa za a ba garin?"

"Babban ɗan Ɗan Iya. Bayan salla zai taho."

Sai a lokacin Marafa ya gane riga da goron nan na mene ne. Baƙin ciki ya kama shi. Barde ya kai hannu ga takobi, mayaƙa suka fara matsowa, Marafa ya daka musu tsawa. Ya sa hannu ya warware rawanin da kansa, ya naɗe shi da kyau, ya durƙusa ya miƙa. Iska ta bugi furfurarsa a gaban mutanen da ba su taɓa ganin kansa ba, mata suka juya baya.

Ya ce, "Na ji, na bi. Ga rawani, ga wuyana in ana so. Amma Jatau, don girman Allah, bar ginin nan har ruwa ya dawo. Je ka duba gulbi da idonka."

Jatau ya ce, "Ba a aiko ni in duba ba, Cindo. An aiko ni in yi."

Washegari aka nemi mutanen gari su kama dagi, kowa ya ce hannunsa na ciwo, har da Liman. Dogarai suka tuɓe riguna suka yi da kansu. Ƙasar ba ta gama bushewa ba, don haka ba ta ba su wuya ba. Sarkin Magina ya zauna a kan turmi yana kallo, hawaye na bin gemunsa. Kafin rana ta take tsaka an buɗe faɗin doki huɗu, ana hango gulbi ta ciki.

Ta cikin wannan giɓi suka hango ɗan leƙen asiri tafe a guje, dokinsa jiƙe sharkaf. Walgarawa ba su jira kwana goma sha biyu ba. Sun ga ana gini, sun ga ana rushewa, sun ce ruwa ya kai wuyan doki ma sun yarda.

Gari ya ruɗe. Barmo, wanda tun jiya yake ta hura hanci yana nuna inda za a fasa, shi ya fara ɗare doki. Ya ce shi zai kai labari fada, dogarai talatin suka ce za su raka shi, kai ka ce labarin nauyi gare shi. Suka fice ta yamma. Jatau ya tsaya da mutum goma, yana duban gulbin da ya yi baƙi da dawaki, yana duban giɓin da ya fasa.

Ya juyo ya ce, "Rawani ba zan mayar maka ba, ba ni da iko. Amma Sarki bai ce in karɓi takobinka ba."

Cindo bai tsaya godiya ba. Ya yi ihu a ciro ƙyamaren gidaje, a kawo turame da gadaje da duk abin da ke da nauyi a zuba a giɓin. Ya jera 'yan baka a kan sabon gini dama da hagu, ya ba Barde sauran ganuwa, shi kuma ya tsaya a tsakiyar giɓin da kansa a buɗe, Jatau na damansa.

Masu lifidi suka fara zuwa, ƙasa na girgiza. Da giɓin damina ne da sun shige gari kamar ruwa, amma yanzu sai huɗu-huɗu, su ma sai sun tsallake turame. Kibau suka zubo musu daga sama, mata na jefo duwatsun niƙa, dawakin gaba suka faɗi suka zama shinge ga na baya. Suka ja, suka sake dawowa da 'yan ƙasa masu garkuwa, aka yi ta sara har mutum ba ya gane jininsa da na wani. A karo na uku suka kawo tsani suka kafa wa sabon ginin, ƙasar ta riƙe, Barde ya tunkuɗe su ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ta yi sakaliya aka ji ƙahonsu, suka juya suka nufi gulbi, suna barin gawarwakinsu.

Guɗa ta tashi ko'ina. Cindo ya juya zai rungume Jatau, sai ya gan shi zaune jingine da turmi, kibiya a cinya, leɓɓansa sun fara baƙi. Kibiyar Walgarawa ba ta zuwa babu dafi.

Jatau ya kamo rigarsa ya ce, "Na gani, Cindo. Da na kai fada da na faɗa, kuma da an ji ni. Ba zan kai ba. Madawaki, shugaban yaƙin Sarki, yana Rafin Tsamiya da runduna, kwana biyu daga nan, Ɗan Iya ya sa aka ajiye shi ko za ka ƙi bi. Ku fitar da ni. Ku fitar da ni bayan gari, maza!"

Duk wanda ke wurin ya san abin da yake nufi, don ita ma dokar Dumbara ce: garin da manzon Sarki ya mutu a cikin ganuwarsa, ba a barin rufi ko ɗaya a kansa, kuma ba a tambayar wanda ya harba. Giɓin ya toshe da gawarwaki da ƙyamare fiye da tsayin mutum, ba hanya. Cindo da Barde suka ɗora shi a kan ƙyaure suka sheƙa a guje zuwa ƙofar arewa, wadda ta fi kusa, jama'a na darewa, Cindo na ihu a buɗe. Ana cikin zare sakata ya ji ƙyauren ya ƙara nauyi. Suka sauke shi a cikin zauren ƙofa, rai ya riga ya yi halinsa. Taku goma ya rage.

Barde ya dubi dogarai uku da suka rayu, ya ce a hankali, "Taku goma ne. In mun ja shi waje, wa ya gani?"

Babban cikinsu ya ce, yana kuka, "Mu mun gani, Barde. Da Alƙur'ani za a rantsar da mu. Ko da mun yi shiru ma, Barmo zai riga mu isa wurin Madawaki, kuma ba alheri zai faɗa ba."

Cindo ya ce, "Ku ɗaure ni ku kai masa. Ya ɗauki kaina ya bar gari."

Liman Ilu ya girgiza kai. "Kaura Wabi ma ya miƙa kansa, ranka ya daɗe. Sai da aka sare shi sannan aka sa wuta."

Cindo ya durƙusa ya rufe wa Jatau ido. Ya daɗe a haka. Rawanin na nan cikin rigar mamacin, gefensa ya leƙo, bai taɓa shi ba. Da ya miƙe sai ya ga gari duka a tsaye a bayansa, mata da goyo, mayaƙa da raunuka, babu mai guɗa yanzu.

Sarkin Magina ya ratso jama'a yana dogara sanda. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai sauran kwaɓaɓɓiyar ƙasa, amma ba ta isa wuri biyu ba. Ga giɓin gabas. Ga kuma ganuwar yamma, shekara talatin ba a taɓa ta ba, don ba a taɓa jin tsoro daga wajen gida ba. Akuya ma tsallake ta take yi. Ina za a fara?"

Cindo ya dubi hanyar birni, hanyar da ya yi wata uku yana jiran akushi ya ɓullo ta cikinta. Hawaye ya zubo masa, bai share ba.

Ya ce, "Yamma."

Tsoho ya kara hannu a kunne. "Na'am?"

Cindo ya ɗaga murya, yadda har na bayan jama'a suka ji. "Na ce a fara da yamma."